Keken da ke shago ya yi mini girma, na intanet kuma ban taɓa hawansa ba

*Assalamu alaikum. Shekaruna 38, tsawona santimita 174. Na ɗan jima ina hawan wani tsohon keke mai miƙaƙƙen kai don motsa jiki, yanzu kuma ina son in sayi keken tsere na kan kwalta, irin mai lanƙwasasshen kai, domin in riƙa bin abokaina tafiya mai nisa a ƙarshen mako. Na zaga shaguna uku. Biyu ba su da wanda ya kusa yi mini, na ukun kuma lamba 56 da 58 kawai gare shi. Mai shagon ya ce 56 ta yi mini, zai sauke sirdi shi ke nan. Na hau na ɗan zaga, sai na ji kamar ina miƙa hannu fiye da kima, amma ya ce haka keken tsere yake, zan saba. A intanet kuma na ga wani da giyarsa ta fi ta wannan, kuɗinsa bai kai na shagon ba, sai dai jadawalinsu ya nuna ina tsakanin lamba biyu. Ina ɗan fama da ciwon baya idan na daɗe a sunkuye. Maiɗakina ta ce in saya a inda zan iya komawa in yi magana, abokaina kuwa sun ce asarar kuɗi zan yi. Na rasa wadda zan kama. Ina neman shawara.*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kada ka sayi wannan lamba 56 ɗin a kan maganar "za ka saba", kuma kada ka biya kuɗin na intanet ɗin a cikin wannan makon. Ka ba kanka mako biyu ko uku, akwai aikin da za ka yi kafin ka zaro ko sisi. A ƙarshe ni na fi karkata ga shawarar maiɗakinka, amma da sharaɗi, zan kuma zo kan sharaɗin.

Bari mu fara da maganar mai shago, domin akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa take da saurin shiga kunne. Duk wanda ya baro keke mai miƙaƙƙen kai ya hau na tsere sai ya ji baƙunta. Wuya zai ƙage a makonnin farko, mazaunai za su yi tsami, tafin hannu zai yi gunaguni. Wannan duk jiki yana sabawa da shi. Abin da jiki ba ya sabawa da shi shi ne nisa tsakanin sirdi da kan keke idan ya wuce tsawon gangar jikinka da hannunka. Ƙashi ba ya ƙara tsawo don an matsa masa. Abin da zai faru shi ne za ka riƙa zamewa gaba kana zama a kan hancin sirdi, gwiwar hannunka ta miƙe ƙyam, kafaɗunka su ɗago su kusa taɓa kunne, kuma ba da saninka ba za ka riƙa janye hannu daga saman birki kana mayar da shi kusa da kai. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin mutumin da hannunsa ba ya zama a kan birki, ranar da wani abu ya gitta masa a hanya sai ya makara.

Sauke sirdi kuma ba maganin wannan ba ne. Ƙafarka ce take yanke hukuncin inda sirdi zai tsaya, sama da ƙasa da kuma gaba da baya. Idan aka tura sirdi gaba don hannu ya kai, an ɗauke ciwo daga kafaɗa ne an kai shi gwiwa, an kuma ƙara wa tafin hannu nauyi. Ka ce ka ji kana miƙa hannu fiye da kima a ɗan zagayen da bai wuce mintuna kaɗan ba, alhali jikinka bai ko gaji ba. To yi tunanin yadda za ka ji bayan awa uku, ga kuma ciwon bayan da ka ambata.

Ba na cewa mai shagon macuci ne. Ya zuba jarinsa a kekunan da ke tsaye a gabansa, kowanne wata da suka ƙara a wurin asara ce gare shi, kuma mutum mai tsawon santimita 174 yana iya hawan 56 na wasu kamfanonin lafiya lau. Don haka ba ƙarya ya shara maka ba. Sai dai bai auna ka ba, ya dubi tsayinka ne da ido ya dubi abin da yake da shi, ya haɗa ku aure.

Yanzu batun lambar kanta. A da, idan aka ce keke lamba 54 ne ko 56, ana nufin tsawon bututun da sirdi ke shiga cikinsa ne da santimita, kuma kusan duk kekuna siffarsu ɗaya, bututun sama a miƙe yake ɗoɗar. Tun a shekarun 1990, lokacin da kamfanin Giant ya fito da kekensa TCR mai bututun sama da ya gangaro baya, sauran kamfanoni suka bi sahu, lambar ta zama suna kawai. Yau za ka sa tef a jikin keken da aka rubuta wa 56 ka rasa inda 56 ɗin take. Abin da wani kamfani ya kira S, shi wani yake kira M, shi kuma na uku yake kira 54. Saboda haka "ina hawan lamba kaza" magana ce da ba ta da amfani sai a cikin kamfani ɗaya, wani lokacin ma sai a samfuri ɗaya.

Akwai awo guda biyu da ba sa yaudara, kuma kowanne kamfanin kirki yana buga su a jadawalin siffar kekensa. Za ka gan su da sunan stack da reach, da milimita. Dukansu ana fara auna su ne daga cibiyar da fedoji ke juyawa a kanta. Na farko yana gaya maka yadda gaban firam ɗin, wato gangar jikin keken, ya ɗaga sama daga wannan cibiya, wato tsayin gaba. Na biyu yana gaya maka yadda gaban ya yi nisa zuwa gaba daga cibiyar, wato nisan miƙa. Da waɗannan lambobi biyu za ka iya ɗora keken Jamus a kan na Taiwan ko na Amurka ka san wanne zai sunkuyar da kai, wanne zai miƙar da kai, ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba. Wanda ya san nasa lambobin biyu, saye ta intanet ba caca ba ce a wurinsa. Abokanka da suke cewa asara za ka yi, ina kyautata zaton sun riga sun hau kekuna biyu ko uku, sun san abin da jikinsu yake so. Kai kuwa wannan ne na farko. Shawararsu daidai ce gare su.

Kuma a nan ne ciwon bayanka ya shigo. Kekunan kwalta masu lanƙwasasshen kai iri biyu ne manya, ko da yake a ido kusan ɗaya suke. Akwai na gasar gudu zalla, mai gajeren gaba da dogon miƙa, wanda aka yi wa matashin da ke iya ninke jikinsa awa biyar don ya tsere wa iska. Akwai kuma na doguwar tafiya, mai ɗagaggen gaba da ɗan gajeren miƙa. Kusan kowanne babban kamfani yana da duka biyun: Trek yana da Madone a ɓangaren gudu da Domane a ɓangaren doguwar tafiya, Specialized yana da Tarmac da Roubaix, Giant yana da TCR da Defy, Canyon yana da Ultimate da Endurace. A lamba ɗaya, a ce 54, gaban na doguwar tafiya yakan fi na gasa tsayi da santimita uku zuwa huɗu, miƙarsa kuma ta gaza da kusan santimita ɗaya. A takarda kamar ba wani abu ba ne, amma a ƙugu da wuya bambancin ba kaɗan ba ne. Ba ka faɗa mini wane iri ka hau a shagon ba, haka ma na intanet ɗin. Ka bincika yau. Mai yiwuwa ne ma ba lambar ce ta yi maka girma ba, nau'in keken ne ba naka ba. Da shekarunka da bayanka da irin tafiyar da kake son yi, na doguwar tafiya nake ba ka shawara, kuma kada wani ya ce maka na tsofaffi ne. Suna gudu sosai, kuma yawancinsu suna ɗaukar taya mai faɗin milimita 32 ko fiye, wadda take shanye girgizar hanya kafin ta iso ƙashin bayanka.

To ta yaya za ka san lambobinka? Ka fara da ƙafa. Ka cire takalmi, ka sa gajeren wando mara kauri, ka jingina bayanka da bango, ƙafafunka a ɗan buɗe kamar tafin hannu ɗaya. Ka ɗauki littafi mai taurin bango ka sa shi tsakanin cinyoyinka, gefensa ɗaya manne da bango don kada ya karkace, ka ja shi sama da ƙarfi har ka ji ya danne ka kamar yadda sirdi zai danne ka. Mutane da yawa a nan suke kuskure, suna jin nauyin ja, sai awon ya gaza da santimita biyu. Wani ya sa fensir ya yi alama a bango daidai saman littafin, a auna daga ƙasa zuwa alamar. A maimaita sau uku a ɗauki tsaka-tsaki. Kada ka yi amfani da lambar wandonka, ba ɗaya ba ne.

A ce ka samu santimita 83. Akwai wani tsohon lissafi da ya shahara da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: ka ninka wannan awo da 0.883, abin da ya fito shi ne nisa daga cibiyar da fedoji ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. A misalinmu zai ba ka kusan santimita 73.3. Wannan mafari ne kawai, ana ƙarawa ko ragewa kaɗan gwargwadon takalmi da tsawon ƙafar feda, amma ya isa ka hau kowanne keke ka daidaita sirdinsa cikin minti ɗaya. Idan kana son ka tabbatar, ka ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Sa'annan idan ka mayar da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa yadda ya kamata.

Awon kuma zai gaya maka wani abu game da ƙirarka. Mutum biyu masu tsawon 174 suna iya bambanta ƙwarai, ɗaya dogayen ƙafafu da gajeriyar ganga, ɗaya akasin haka. Mai dogayen ƙafafu sirdinsa zai yi sama sosai, saboda haka yana bukatar gaba mai tsayi da gajeren miƙa, in ba haka ba zai riƙa tuƙi kansa a ƙasa ƙugunsa a sama. Mai doguwar ganga kuwa zai iya jin daɗin babbar lambar. Jadawalin da tsawo kawai yake tambaya bai san wannan ba, shi ya sa ya bar ka a tsakiya.

Ga kuma wata dama da kake da ita wadda ba ka lura da ita ba: abokan nan naka. Gani ya kori ji. Ka nemi wanda tsawonsa ya yi kusa da naka a cikinsu, ka roƙe shi aron kekensa na awa ɗaya ko biyu, ba zagayen ƙofar shago ba. Ka auna tsayin sirdinsa ka rubuta kafin ka taɓa, don ka mayar masa yadda ka same shi, domin masu keke ba sa wasa da wannan. Ka daidaita shi da naka awon, ka bi hanyar da ke da hawa da gangara. Ka lura da inda hannunka yake zama da kansa idan ka manta da shi. Ka lura ko gwiwar hannunka tana ɗan lanƙwashe, ko kana iya kallon hanya ba tare da ka ɗaga kai da ƙyar ba, ko kana iya kama ƙasan lanƙwasar ka ja birki ba tare da fargaba ba. Da ka dawo, ka rubuta sunan keken da shekararsa da lambarsa, ka nemo jadawalinsa, ka kuma duba tsawon wuyan da ke riƙe da kan, yawanci a rubuce yake a jikinsa, da yawan zobban da aka jera a ƙarƙashinsa. Idan ka yi haka da kekuna biyu ko uku, har da na shagon da ka ce ya yi maka nisa, za ka ga lambobinka sun fara fitowa da kansu: wannan ya yi nisa, wancan ya yi ƙasa, wannan kuwa na manta ina kansa.

Idan akwai gwanin daidaita keke da jiki a inda za ka iya zuwa, irin masu keken gwaji da ake matsar da sirdinsa da kansa kana cikin tuƙi, to ka je kafin saye, ba bayan saye ba. Da yawa suna jira sai sun sayi keke ya fara ba su ciwo sannan su je, a lokacin kuwa gwanin ba abin da zai yi sai faci. Wanda ya je tun farko yana fitowa da takarda ɗauke da lambobinsa, kuma takardar za ta yi masa aiki shekaru, a shago ko a intanet. Ga mai ciwon baya, ban san wani kuɗi da za a kashe a harkar keke da ya fi wannan amfani ba.

Game da zama tsakanin lamba biyu, abin da aka saba faɗa shi ne a ɗauki ƙaramar, kuma akwai dalili. Ƙaramin firam ana iya ƙara masa tsawo da wuya mai ɗan tsayi, wuyan nan ana samunsa daga milimita 70 har zuwa 130, goma-goma. Babban firam kuwa idan aka yi ta gajarta wuyansa har ya koma 70 ko ƙasa da haka, sai kan keken ya zama mai rawa, abu kaɗan ya juya. Amma ka yi hattara, ƙaramin firam gabansa ma ya fi ƙasa, kuma zobban da ake ɗaga kai da su suna da iyaka, yawancin kamfanoni ba sa yarda a wuce santimita uku zuwa huɗu. Don haka ga mai ciwon baya, ƙaramar lamba a keken gasa tana iya zama tarko. Ƙaramar lamba a keken doguwar tafiya ita ce ta fi kusa da abin da nake hasashen zai yi maka, amma awonka ne zai tabbatar, ba hasashena ba.

Yanzu sai ka koma shago, wannan karon da takarda a hannu. Ka ce wa mai shagon, cikin mutunci, "Wannan ya yi mini nisa. Ga awona. Za ka iya yi mini odar lamba 54, ko samfurin doguwar tafiya? Idan ya zo, za ka ɗora ni a kai ka daidaita mini, kuma idan wuyan bai yi ba za ka canza mini da wani?" Amsar da zai ba ka ita ce za ta nuna maka irin shagon. Shagon kirki zai ji daɗin tambayar, zai ɗauko tef, zai tambaye ka awa nawa kake son yi a kan keke da inda ke yi maka ciwo, zai kafa keken a kan abin tuƙi na tsaye ya zaga yana kallon gwiwarka da kafaɗarka. Irin wannan shago ya cancanci ƙarin kuɗin da ke tsakaninsa da intanet, domin abin da kake biya ya haɗa da haɗa keken da hannun wanda ya iya, da canjin wuya ko sirdi, da gyaran farko bayan 'yan makonni lokacin da wayoyin giya suka saki, da kuma mutumin da zai tsaya maka idan firam ya tsage a cikin lokacin garanti. Wannan shi ne abin da maiɗakinka take nufi, kuma ta yi gaskiya. Sharaɗin da na ce zan zo kansa ke nan: shago ya fi intanet ne kawai idan zai yi wannan aikin. Idan ya sake cewa za ka saba, ya kuma ƙi yin oda, to ba abin da ya fi intanet da shi sai tsada, ka yi masa godiya ka fita. Kada ka ji ƙyashin tafiya gari na gaba don shagon da ke da lambarka, wuni ɗaya ne a kan keken da za ka yi shekaru da shi.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka cinye wa mai shago awa biyu yana aunaka yana ɗora ka a kan kekunansa alhali ka riga ka yanke a ranka intanet za ka saya. Idan awon kawai kake so, ka faɗa masa gaskiya ka biya shi ladan aikinsa. Shi ne dai wanda za ka kai wa keken ranar da giya ta rikice.

Maganar giyar da ta fi kuwa, ita ce ta fi jan idon mai sayen farko, ita ce kuma ta fi ƙarancin muhimmanci. A jerin giyoyin da aka daɗe da sanin kamfanin Shimano da su akwai Claris mai hawa 8, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 mai 11 ko 12, sannan Ultegra da Dura-Ace a sama. Bambanci tsakanin mataki ɗaya da na kusa da shi ɗan nauyi ne da ɗan santsin canji, kuma Tiagra da aka saita da kyau ta fi 105 da aka bari a karkace. Sarƙa da haƙoran giya kayan ci ne, suna ƙarewa a canza su. Firam shi ne zai zauna da kai.

Idan duk shagunan sun gaza, ko kuma lambobinka suka nuna na intanet ɗin ne naka, to ka saya hankalinka kwance, ba laifi ba ne. Kamfanoni irin su Canyon na Jamus sun ginu ne a kan sayar wa mai hawa kai tsaye, kuma rahusar tasu ta gaske ce, domin babu kason dillali a ciki. Sai dai ka yi lissafin gaskiya. Ka haɗa kuɗin aikowa da na kwastan idan daga wata ƙasa zai taso, da ladan bakaniken da zai duba shi, da fedoji, domin yawancin kekunan tsere ba sa zuwa da su, da kuma wuya ko sirdin da ƙila ka canza. Wani lokacin ratar tana nan da girmanta bayan wannan lissafi, wani lokacin kuma ta kusa rufewa.

Ka karanta sharaɗin mayarwa kalma bayan kalma kafin ka biya. Kwana nawa suka bayar, suna karɓar keken da aka riga aka hau a kan hanya ko sai wanda bai taɓa ƙasa ba, wa zai biya kuɗin mayarwa, kuma idan wani abu ya lalace a cikin garanti ina za ka kai. Ka kuma duba hoton gaban keken da kyau, domin a nan ne babban tarkon zamanin nan yake. Yawancin sababbin kekuna masu tsada suna zuwa da kai da wuya a haɗe, abu ɗaya na kabon, wato wani haɗin zare mai ƙarfi mara nauyi da ake amfani da shi a madadin ƙarfe, an bi da wayoyin birki ta cikinsa. Yana da kyan gani ƙwarai. Amma idan ya yi maka nisa da santimita ɗaya, ba wuya kawai za ka canza ba, sai an sayi dukan kan, an zare bututun birki, an sake zuba mai an fitar da iska, aikin da ke cin kuɗi da lokaci, wani lokacin ma tsawon da kake so babu shi a kasuwa. Keke na farko, musamman wanda ba ka hau ba kafin saye, ya zama mai wuya daban da kai daban, wanda noti shida za a kwance a canza shi cikin minti goma. Ka kuma guji firam ɗin kabon mai ɗauke da sunan babban kamfani da ake tallarsa da arahar da hankali ba zai ɗauka ba a kasuwannin intanet. Na jabu suna nan da yawa, kuma kabon ba ya lanƙwasa ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, karyewa yake yi farat ɗaya.

Ranar da kwalin ya iso, ka duba shi kafin ka sa hannu, idan ya huje ko ya murƙushe ka ɗauki hoto. Kada ka yar da kwalin sai kwanakin mayarwa sun wuce. Ka sani fedar hagu haƙorinta a juye yake, ana ɗaure ta ne ta hannun hagu, mutane da yawa sun lalata ƙafar feda a daren farko saboda wannan. Notocin wuya da na sandar sirdi suna da iyakar ƙarfin da aka rubuta a jikinsu, galibi wajen 5 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne), kuma a kan kabon ba a ƙiyasta wannan da hannu, sai da sifana mai awo. Ko da ka haɗa shi da kanka, ka kai wa bakanike ya duba birki da ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a jikinsa, domin yana yawan lanƙwashewa a hanya, idan kuwa ya lanƙwashe ba saitin da zai sa giya ta zauna.

Ko daga ina keken ya fito, kada ka yarda a yanke bututun fok, wato na cokalin da ke riƙe da tayar gaba, da ya yi saura a saman wuya a watannin farko, ko da an ce maka ya fi kyau a yanke. Idan aka yanke ba ya dawowa. Ka fara da kan a sama, duk zobban a ƙarƙashi, ka riƙa saukewa kaɗan-kaɗan idan jikinka ya nema. Duk gyaran da za ka yi, abu ɗaya a lokaci ɗaya, milimita uku zuwa biyar, ka hau sau biyu ko uku kafin ka sake taɓa wani abu, kana rubuta inda ka taso. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, a bayan gwiwa kuma ya yi sama. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, nauyi ya yi wa hannu yawa ko miƙa ta yi nisa. Bayanka kuwa, idan ciwon ya fara sauka ta cinya zuwa ƙafa, ko ƙafar tana yin sanyi tana mutuwa, wannan ya wuce aikin mai keke, ka ajiye hawan ka ga likita tukuna.

Ka auna ƙafar a daren nan, ka nemi aron keken a ƙarshen makon nan, sa'annan ka rubuto mini da abin da ka samu tare da sunayen kekunan biyu, mu duba jadawalinsu tare. Ka gaishe da maiɗakin.